Awo ɗaya, mai riga daban: lacca kan gargaɗin dibaga a manhajojin waya

An gabatar da wannan lacca ga matasa masu haɗa manhajojin waya a wani ɗakin taro a Jos, aka rubuta ta daga abin da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Na ga har yanzu wasunku hannu na cikin aljihu saboda sanyin garin nan. To a fito da shi, akwai abin da za mu buga a kwamfuta.

Wa ya taɓa danna maɓallin gwaji a Xcode, kayan aikin Apple na haɗa manhajojin iPhone, manhaja ta ƙi tashi, ko ta tashi amma dibaga, wato abin bin diddigin kurakuran manhaja, ta cika masa allo da gargaɗi? Yawwa, hannaye da yawa. Sau da yawa laifin ba na lambobin da ka rubuta ba ne. Saitin da ke faɗa wa Xcode irin ƙwaƙwalwar da zai haɗa wa manhajar ne ya karkace.

Kowace ƙwaƙwalwar na'ura, wato processor, da yarenta. Tsofaffin iPhone suna jin armv7, mai bit 32. A 2013 iPhone 5s ta zo da arm64, kuma daga iOS 11 a 2017 Apple ya daina karɓar masu bit 32 gaba ɗaya. Ita kuwa simuleta, wayar kwaikwayon nan da ke fitowa a allo, da ƙwaƙwalwar kwamfutar take aiki, a lokacin kuma Mac duk Intel ne, wato x86_64. Shekara da shekaru muka saba: arm64 na waya, x86_64 na simuleta. Masu yin laburare, wato shiryayyun lambobin da ake jona wa manhaja, sai su ɗaure biyun a fayil ɗaya, kowa ya huta.

A Nuwamba 2020 Mac mai M1, ƙwaƙwalwar Apple ta kansa, ya fito, shi ma arm64 yake ji. Nan aka yi cakwakiya. Simuleta ta nemi arm64, ta samu a cikin laburaren, amma na waya ne. Kamar ka je wurin tela ka ga riga daidai awonka, sai ya ce maka ai da sunan wani a jikinta. Shi ne saƙon nan da ke cewa kana haɗa wa simuleta amma fayil ɗin da kake jonawa na iOS ne.

Maganin da ya yaɗu shi ne a sa arm64 a EXCLUDED_ARCHS, saitin da ke hana Xcode haɗa wa ƙwaƙwalwar da aka lissafa. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba. Wani dare, wanda nake yi wa aiki yana ta kirana, laburaren biyan kuɗi na wani kamfani ya ƙi haɗuwa, na liƙa layin nan, abu ya tashi, na kwanta. Ashe a gurguje ban taƙaita shi ga simuleta ba, na hana arm64 ko'ina. Ranar da za mu haɗa ta waya mu tura, Xcode ya ce babu ƙwaƙwalwar da zai haɗa wa. Yini guda na yi ina neman ramin da ni na haƙa da hannuna. Ko da ka taƙaita shi daidai ma, simuletarka ta koma bin Rosetta, manhajar da ke fassara wa M1 yaren Intel, ga nauyi.

Ga abin da nake yi yanzu. Kafin in taɓa kowane saiti, ina buga umarnin lipo -info a kan fayil ɗin laburaren, ya gaya min ƙwaƙwalwar da aka haɗa masa. Idan tsohon ɗauri ne, in nemi XCFramework ɗinsa, sabon salon ɗauri wanda yake nan tun Xcode 11 a 2019, yana ware na waya daban, na simuleta daban. Mai laburaren da har yau bai fitar da shi ba, ku yi tunani kafin ku ɗora kasuwancinku a kansa. Sannan ku leƙa ko VALID_ARCHS, tsohon saitin zaɓen ƙwaƙwalwa, na nan kwance a tsohon aiki. Tun Xcode 12 aka yi ritayarsa, ku goge shi. ONLY_ACTIVE_ARCH kuma, mai sa a haɗa wa na'urar da aka zaɓa kaɗai, ya zama YES a Debug (haɗin gwaji), NO a Release (haɗin fitarwa), kuma abin da ke manhajarka ya yi daidai da na Pods, wato laburaren da ka shigo da su, in ba haka ba ɗaya ya haɗa abu guda, ɗayan yana neman biyu. In kun gama ku share DerivedData, inda Xcode ke tara ragowar haɗin baya.

Malama, kin ce dibaga na tsallake layi, ba ta nuna miki abin da ke cikin ma'ajiyar bayanai, wato variable? In ta ce an haɗa da optimization, wato an sake tsara lambobin don sauri, wannan wata cuta ce daban: da Release kike gwaji, mayar da shi Debug.

'Yan Android kada ku yi dariya. Tun Agusta 2019 Google Play ke neman arm64-v8a mai bit 64, sai wasu suka cire armeabi-v7a mai bit 32 daga abiFilters, jerin ƙwaƙwalwar da za a haɗa wa, don manhaja ta yi sauƙi. Amma ƙananan wayoyi masu araha irin waɗanda ake saya a kasuwar Taminus, akwai masu tafiya da bit 32 a cikinsu. Ka jona irin wannan ka ga INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS, kwastomanka kuwa ba zai ga manhajar a Play ba ma.

Yanzu kowa ya buɗe kwamfutarsa. Wanda ke da M1 ya zauna kusa da mai Intel, mu fara da lipo.