Darasi: Shirya bidiyo kafin ya hau Resolume

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare daga nan Jidda. Mutanen Shara Mansur a Makka, ina gaisuwa. Wani ƙanena ne ya turo tambaya, ya ce: "Yaya, bidiyon biki yana tafiya sumul a waya, amma da na ɗora shi a Resolume sai ya riƙa sarƙewa a allon LED, ga jama'a sun zuba ido. Kwamfutar ce ta gaza?"

Resolume dai manhaja ce ta kunna bidiyo a manyan alluna a wurin taro. Ita kuwa kwamfutar, yawanci ba ita ba ce. Ku dubi fayil ɗin nan. Sunansa ya ƙare da MP4, amma MP4 kwali ne kawai, kayan da ke ciki shi ne kodek, wato salon da aka matse bidiyon da shi, a nan H.264. Shi kuwa don rage girma aka yi shi. Sai ya ajiye cikakken hoto guda ɗaya, firam ɗin da ke biye kuma, wato hotunan da ke bin sa a jere, ya rubuta abin da ya canza kaɗai. Mai kallo daga farko zuwa ƙarshe ba ruwansa. Mu fa? Mu da muke tsallake tsakiya, mu juya bidiyo baya, mu jera uku a kan juna? Duk tsallen da ka yi, sai kwamfuta ta koma ta nemo cikakken hoton nan ta sake lissafi. Ƙanƙantar fayil ɗin ce take ba ta wahala.

Maganin shi ne DXV, kodek ɗin da masu Resolume suka yi da kansu. Kowane firam cikakke ne, kuma katin hoto na cikin kwamfuta ne ke warware shi, furosesa ta huta. Masu amfani da manhajar VDMX su nemi kodek ɗin HAP, tafiyarsu ɗaya.

To, ga Alley na buɗe, manhajar masu Resolume ta mayar da bidiyo zuwa DXV, kyauta ce. Na ja fayil na jefa ciki, na zaɓi DXV 3, Normal Quality. Kada High Quality ta ruɗe ku, a zauren biki ba wanda zai gane bambancin, wuri kawai za ta cinye muku. Alpha kuma sai in rubutu ne marar bango, kamar sunan ango da amarya da zai hau kan wani hoton. Girma 1920 da 1080 ya wadatar, in ba allon ne ya fi haka ba. Fayil zai kumbura, ya ninka sau da yawa, haka abin yake, ku dai ajiye shi a SSD, wato ma'ajiyar kwamfuta mai sauri.

Bidiyon waya yana da nasa hali: yawan firam ɗinsa yana hawa yana sauka, shi ya sa baki da murya suke rabuwa. Ku fara bi da shi ta manhajar HandBrake, ku danna Constant Framerate, ku sa firam 30 a daƙiƙa. Duk fayilolin daren su zama 30. Af, wanda ya zo da kyamara daga gida ya lura: wutar Najeriya da Sudan 50 take bugawa a daƙiƙa, ta Saudiyya 60. In ka bar kyamarar a firam 25, fitilun zauren na iya yi maka walƙiya a hoto.

Don Allah kuma, in dangin amarya za su turo bidiyo ta WhatsApp, ku ce su aiko shi a matsayin takarda, wato Document, in ba haka ba a matse zai iso, kuma Alley ba ta dawo da abin da ya zube.

Yauwa, ya gama. Bari in ɗora shi. Gaba, baya, tsakiya. Kun gani? Ko gezau.