Ɗakin da Ba Shi da Taga: Masu Jera Jirage a Sararin New York

Masu kallo, ku dubi wannan hoton da kyau. Sararin birnin New York ne da almuru, kuma kowane ɗigon haske da kuke gani yana rarrafe, jirgi ne cike da mutane. Wasu na gangarowa, wasu na hawa, wasu na ratsawa ta tsakaninsu. Da za a tambaye mu wa ke hana su karo, yawancinmu hasumiyar filin jirgi za mu nuna, waccan doguwa mai gilashi. To ita hasumiya iyakarta titin jirgi da ɗan sararin da ke kewaye da filin. Da zarar jirgi ya ɗaga ya naɗe tayoyinsa, sai ta miƙa shi hannun waɗansu mutane da ba su gan shi da ido ba, ba kuma za su gan shi ba.

Mutanen nan suna zaune ne a Westbury, kan tsibirin Long Island, cikin wani ɗaki mai duhu, babu taga ko ɗaya. Ana kiran wurin TRACON, yana ƙarƙashin hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA. Rabonsu shi ne tsakiyar tafiya mafi cunkoso: daga inda hasumiya ta saki jirgi har ya yi sama sosai, cibiyar da ke Ronkonkoma ta karɓe shi. Mai saukowa kuma hanyar nan yake biyowa a juye.

Abin da ya sa aikin ya yi tsauri a nan, filayen sun yi wa juna kusa. Tsakanin filin John F. Kennedy da na LaGuardia bai kai kilomita 20 ba, tazarar da jirgi zai cinye cikin ƙasa da minti uku. A tsallaken kogin Hudson ga Newark, ga Teterboro inda ƙananan jirage masu zaman kansu ke tururuwa. Kuma jirgi iska yake fuskanta in zai tashi ko zai sauka. Saboda haka idan iska ta juya, Kennedy ya canza titi, hanyoyin da ke sama ma sai sun motsa, LaGuardia ya ji a jikinsa. Ba a taɓa guda a bar sauran.

To da me suke gani? Da na'urar hangen jirage, wato radar. Eriyarta na zagayowa kusan duk daƙiƙa 5, tana hango abin da ke nesa har wajen kilomita 110. Tana aika igiyar rediyo, igiyar ta bugi jikin jirgi ta dawo, lokacin da ta ɗauka ya nuna nisansa. Amma wannan ɗigo ne kawai, bai faɗi wane jirgi ne ba, bai faɗi tsayinsa ba. Shi ya sa akwai radar ta biyu, mai tambaya. Tana kira, wata na'ura a cikin jirgin ta amsa da lambarsa da tsayin da yake kai. Lambar alƙaluma huɗu ce, kowanne daga 0 zuwa 7, jimilla 4,096. An keɓe uku da matuƙi ba ya sa su sai da dalili: 7600 rediyo ya mutu, 7700 ana cikin halin gaggawa, 7500 an yi fashin jirgi. Daga 1 ga Janairun 2020 kuma, jiragen da ke shiga irin wannan sarari a Amurka dole su riƙa shelanta inda suke da kansu, ta lissafin tauraron ɗan'adam.

Yanzu mu matsa kusa, mu tsaya bayan kujerar jami'i ɗaya. Na'urar magana a kunnensa, allo a gabansa, ɗigo takwas ko goma suna tahowa daga kusurwoyi dabam-dabam, dukkansu titi ɗaya suke nema. Ba shi da birki, ba zai ce wa kowa tsaya nan ba, don jirgi ba ya tsayawa a sama. Abu uku ne kacal a hannunsa: alƙibla, tsayi, da gudu. Sai ka ji ya ce, "Juya hagu ka fuskanci 270, ka sauko ƙafa 4,000, ka rage gudu zuwa 180." 270 ɗin alƙibla ce, wato yamma, 180 kuma mil ne na lissafin teku a awa. Matuƙi ya maimaita masa kalma bayan kalma. Wannan maimaitawar ba ladabi ba ce kawai, a cikinta ake cafke kuskure. In ya ji 5,000 maimakon 4,000, nan take zai gyara. Kafin wancan ya rufe baki, idonsa ya riga ya koma kan na gaba: wannan a ɗan tsawaita masa hanya, wancan a yanke masa kwana, har su jeru ɗaya bayan ɗaya.

Dokar tazara tsakanin jirgi da jirgi, a galibin lokuta: mil 3 na lissafin teku, wato kilomita 5 da rabi, ko kuma bambancin tsayi na ƙafa 1,000. In ƙaton jirgi ne a gaba sai a ƙara, domin fukafukansa na barin guguwa a baya da za ta iya kifar da ƙarami. A gudun sauka, mil 3 ɗin nan daƙiƙa 72 ne ko kusa da haka. Ku riƙe wannan adadi.

Dokokin nan da rayuka aka saye su. Ranar 16 ga Disamban 1960, jirgin kamfanin United mai zuwa Idlewild, filin da yau ake kira Kennedy, ya zarce inda aka ce ya jira da kusan kilomita 19, yana sheƙa gudu, ya yi karo da jirgin kamfanin TWA mai zuwa LaGuardia a saman tsibirin Staten. Mutum 134 suka rasu, shida daga cikinsu a ƙasa suke. Daga darussan ranar aka samo ƙayyade gudu: ƙasa da ƙafa 10,000, ba a wuce kimanin kilomita 460 a awa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 25 ga Janairun 1990, don radar ba ta yi laifin komai ba. Jirgin Avianca mai lamba 52 daga Kolombiya ya yi minti 77 yana zagayen jira saboda mummunan yanayi da cunkoso. Matuƙan sun faɗa cewa mai na ƙare musu, sun nemi a ba su fifiko, amma kalmar da ke nufin gaggawa, wadda take sa a share wa jirgi hanya ba tare da wata-wata ba, ba ta fito daga bakinsu ba. Yunƙurin sauka na farko bai yiwu ba, injuna suka mutu, jirgin ya faɗi a Cove Neck da ke Long Island. Cikin mutum 158, 73 suka rasu. Jami'an suna ganin ɗigon sarai a allo. Abin da ya rage a tankinsa ne allo ba ya nunawa, sai an faɗa, kuma da kalmar da ɗayan zai gane.

Ranar 15 ga Janairun 2009, Patrick Harten ne a kujerar jirage masu tashi daga LaGuardia, lokacin da kyaftin Chesley Sullenberger ya sanar da shi cewa sun bugi tsuntsaye, injuna biyun sun tafi. Harten bai ɓata daƙiƙa ba. Ya sa LaGuardia ya tsayar da masu tashi, ya ba kyaftin ɗin titi na 13, ya kira Teterboro ya samo masa wani. Kyaftin ya ce ba zai kai ba, a kogin Hudson za su sauka. Harten ya nemi ya maimaita. Daga baya ya shaida wa majalisar dokokin Amurka cewa a lokacin ya ɗauka shi ne mutum na ƙarshe da zai yi magana da wani a jirgin nan da rai. Ɗigon ya ɓace daga allonsa. Sai daga baya ya ji labari cewa duk mutum 155 sun tsira.

Irin waɗannan mutane ba a samun su a sauƙaƙe. A Amurka ba a ɗaukar sabon jami'i in ya kai shekara 31, kuma yana kai 56 zai ajiye kujerar. Horo na cin shekaru, kuma da yawa cikin masu zuwa Westbury ba sa kai bantensu. Ƙarancin ma'aikata ne ya sa a watan Yulin 2024 aka ɗauke sashen Newark daga can aka mayar da shi birnin Philadelphia, bayanan radar suna bin dogayen layukan sadarwa kafin su isa allon jami'i.

Ranar 28 ga Afrilun 2025 layin ya katse. Allo ya yi baƙi, rediyo ya yi shiru, jirage kuwa na nan tafe zuwa Newark, kowanne kan umarnin ƙarshe da aka ba shi. Allah ya kiyaye, babu wanda ya taɓa wani, amma wasu daga cikin jami'an da ke ɗakin na Philadelphia sai da suka ɗauki hutu saboda kaɗuwa. Ɗazu na ce ku riƙe daƙiƙa 72. Shirun ranar ya kai kimanin daƙiƙa 90.