Amsoshin Tambayoyinku: Masu binciken da ba sa ɓoye abin da suka gano

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin makaranta ce a Funtuwa. Ya ce ya ji wai akwai ɗakunan binciken kimiyya da ke baje sakamakonsu a intanet kyauta, shin ba sa tsoron wani ya ci guminsu?

Malam, mun gode da wannan tambaya. Tsoron kam akwai shi, amma wasu sun daɗe da yanke shawarar cewa ran mutane ya fi shi nauyi. A watan Fabrairun 1996, masanan da ke aikin karanta jerin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, wato bayanan gado da ke cikin jikin mutum, suka haɗu a tsibirin Bamuda, suka yi alkawarin fitar da duk abin da suka karanta cikin awa 24. Cibiyar Sanger ta Ingila, ƙarƙashin John Sulston, ta riƙe alkawarin, kuma ita ta yi kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin, wanda aka kammala a 2003.

Amfanin wannan ɗabi'a ya fito fili lokacin korona. Ranar 11 ga Janairun 2020, Farfesa Zhang Yongzhen na Shanghai yana zaune cikin jirgi ana shirin tashi, sai abokin aikinsa Edward Holmes ya kira shi daga Ostiraliya yana roƙon ya yarda a saki jerin halittar ƙwayar cutar. Ya yarda. Bayan kwana biyu kacal kamfanin Moderna ya tsara allurar rigakafinsa da wannan bayani. Shi kuwa Zhang, washegarin ranar da aka saki bayanin hukuma ta rufe masa ɗakin bincike.

Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, Malam. A Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona mai suna Omikiron, ba su yi rowa ba, suka sanar da duniya nan take. Tukwicin da suka samu shi ne ƙasashen Turai da Amurka suka rufe wa matafiyansu ƙofa, har Najeriya ma Birtaniya ta sa ta cikin jerin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa a Disamba. Duk da haka ba su daina fitar da bayanai ba, kuma wallahi sun cancanci jinjina.

Sai wasiƙa ta gaba, wadda ta iso mana daga Maraɗi.