Warso a Cikin Hotuna: Abin da Aka Tayar da Abin da Aka Binne

Assalamu alaikum. A ɗan rage fitilar nan don na baya su ga bango sosai. Madalla.

Wannan hoton na farko an ɗauke shi ne a Warso, babban birnin ƙasar Polan, bayan an gama yaƙin duniya na biyu. Iya ganinka ɓaraguzai ne, ba titi, ba bishiya, sai coci ɗaya tsaye a tsakiya, cocin Waliyyi Augustine. Nan ce unguwar da 'yan Nazi na Jamus suka killace Yahudawa sama da 400,000. Da mazauna unguwar suka yi tawaye a Afrilun 1943, aka bi ta gida-gida da wuta, aka baje. Ku riƙe shi a zuciya, zan dawo kansa.

A sa na gaba. Ranar 1 ga Agusta 1944 sauran birnin ya tashi wa Jamusawa, aka yi kwana 63 ana ba-ta-kashi. Fararen hula aƙalla 150,000 suka mutu. Mai ɗaukar waɗannan hotuna, Eugeniusz Lokajski, ɗan wasan jifan mashi ne da ya wakilci ƙasarsa a gasar Olamfik ta Balin a 1936. Ya ɗauki hoto fiye da 1,000 kafin gini ya rufta masa a watan Satumba. Ku dubi fuskokin nan, yara ne ƙanana ɗaure da ƙyalle a dantse. Kusan kowane hoto nasa mutum ne a gaba, gini a baya, kuma shi ya sa nake fifita shi a kan sauran.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ɓarna mai yawa ta zo ne bayan an ajiye makamai. Jamusawa suka kwashe mutane, sannan aka shigo da nakiya da injin feshin wuta, aka bi gine-gine ɗaya bayan ɗaya, har da ɗakunan karatu. Zuwa Janairun 1945, kusan kashi 85 cikin ɗari na birnin ya zama kufai.

To, a nan hoto ya sauya aiki. A da shaida ne, yanzu ya zama taswirar magina. Farfesa Jan Zachwatowicz, masanin gine-gine ɗan Polan, ya tsaya kai da fata cewa sai an mayar da tsohon gari yadda yake. Aka tattaro tsofaffin hotuna da zanen da ɗaliban ilimin gine-gine suka yi kafin yaƙi, aka haɗa da zanen wani Ba'italiye, Bernardo Bellotto, wanda ya zana titunan Warso wajen shekarun 1770. Shi Bellotto yakan ƙara wa gini adon da babu shi, don haka akwai gidajen da a yau suka fi kama da zanensa fiye da asalinsu. An buɗe dandalin tsohuwar kasuwa a 1953. Fadar sarki kuwa sai 1971 aka fara, da gudummawar jama'a, aka kammala a 1984. UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya a 1980.

Yanzu a mayar mana da hoton farko. Wannan unguwa ba a tayar da ita ba. Ɓaraguzan sun fi ƙarfin kwasa, sai aka daidaita su, aka niƙa wasu aka yi bulo, aka gina sabuwar unguwar Muranów a kansu. Shi ya sa in ka je za ka ga gidaje bisa 'yan tuddai, kana hawa matakala daga titi, alhali ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce. Cocin nan yana nan har yau, da shi ake gane inda mai hoton ya fuskanta.

A kunna fitila. Mai tambaya ya ɗaga hannu.