Amsoshin Tambayoyinku: Abin da ba ya haske, yaya aka gano shi?

Jama'a masu sauraro, wasiƙa ta gaba daga Mai Wurno take, a jihar Sinnar ta ƙasar Sudan. Wani malamin makaranta ne yake cewa: "Masana sun ce akwai ɓoyayyen abu a sararin samaniya da ya fi abin da muke gani yawa. Tunda ba ya haske, mece ce hujjarsu?"

To Malam, a gaishe ka. Ka san tauraron Suhail da ke fitowa ta kudu. A sashen nan na sama, can nisan da haske ke shafe shekara kusan biliyan 4 kafin ya iso mu, gungu biyu na galaksi, wato manyan tarin taurari, sun yi karo. Gungun Harsashi ake ce wa wurin.

Ɗauka garken raƙuma biyu ne suka ratsa juna a guje: raƙuma sun wuce, ƙura ta tsaya a tsakiya. Haka galaksin suka wuce abinsu, don akwai tazara mai yawa tsakaninsu. Iskar gas mai zafi kuwa ta gwabza, ta rage gudu, aka bar ta a baya, inda na'urar hangen nesa ta Amurka mai suna Chandra ta hango ta. Kuma fa gas ɗin nan ya fi taurarin duka nauyi, nesa ba kusa ba.

A nan gizo ke saƙar. Nauyi yana lanƙwasa hasken da ya gifta kusa da shi, saboda haka idan aka duba yadda siffar galaksin da ke can baya ta karkace, sai a gane inda nauyi ya taru. A 2006 wani masanin taurari, Douglas Clowe, da abokan aikinsa suka auna. Ashe yawancin nauyin ba wajen gas yake ba, ya bi galaksi ya wuce. Ke nan akwai wani abu mai nauyi da karon bai tare ba.

Masu cewa babu wani ɓoyayyen abu, dokar jan nauyi ce ke buƙatar gyara, suna nan har yau, amma a ganina wannan karo ya sa su a tsaka mai wuya. Ba a kuma tsaya kan guda ɗaya ba: a 2014 an ga irin wannan rabuwa a wani ƙaramin gungu, sannan a 2015 aka haɗa karo 72, sakamakon ya nuna ɓoyayyen abin nan da ƙyar yake taɓa ko ɗan'uwansa.