Golf na faifai a Helsinki: daga Meilahti zuwa dajin Kivikko

Bashir: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Bashir ne daga nan Helsinki, ga Hadiza, ga kuma Usman. Yau a kan wasan nan za mu tattauna, wanda mutanen Finland ke kira frisbeegolf, mu kuma muka raɗa masa golf na faifai. Usman, kai ne baƙo a harkar, fara mana.

Usman: Wa alaikumus salam, Yaya Bashir. Ni watana na farko a garin nan, kullum in na bi ta wurin shaƙatawa sai in ga wani kwandon ƙarfe a kan sanda, sarƙoƙi na reto a samansa. Na ɗauka abin ciyar da tsuntsaye ne. Rannan sai ga wasu yara uku da jakunkuna a baya, ɗaya ya wurga wani abu kamar murfin bokiti, ya daki sarƙar, ya faɗa ciki. Ƙarar sarƙar nan ce ta tsayar da ni.

Hadiza: Ai ƙarar nan ita ke kama kowa. Wanda ya ji ta sau ɗaya da jifan hannunsa, gobe ma sai ya dawo.

Bashir: To bari mu yi wa na gida bayani. Faifan na roba ne mai tauri, faɗinsa ya ɗan haura santimita 21, nauyinsa a ƙa'ida ba ya wuce giram 200. Akwai dandamalin da ake tsayawa a yi jifan farko. Inda faifan ya faɗi, daga nan za ka sake jifa, har sai ya shiga kwando. Fili guda yakan ƙunshi kwando 9 ko 18, yawancinsu an ƙayyade musu jifa uku-uku. Wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci.

Hadiza: Kuma ba nan aka ƙirƙiro shi ba, Yaya. Daga Amurka ya fito. Wani mutum mai suna Ed Headrick, wanda ya yi aiki a kamfanin Wham-O masu yin faifan wurgawa na Frisbee, shi ya tsara filin farko a Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya, a 1975. Lokacin sanda kawai ake jifa. To kun san halin ɗan Adam, sai musu ya tashi, wannan ya ce na daka, wancan ya ce ba ka daka ba. Shi ya sa ya ƙera kwandon mai sarƙa, ya yi masa rajista a 1977. Sarƙar ta tare faifai, kwando ya riƙe shi, magana ta ƙare. Shi ne kuma ya kafa PDGA, ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan, a 1976. Da ya rasu a 2002, bisa wasiyyarsa aka gauraya tokar gawarsa cikin robar wasu faya-fayai.

Usman: Ikon Allah. Wannan kam ba al'adarmu ba ce, amma ya nuna yadda abin ya shiga ransa.

Bashir: Nan Finland kuwa, filin dindindin na farko shi ne na unguwar Meilahti da ke nan Helsinki, a 1983. Yau filayen ƙasar sun haura 1,000, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Galibinsu kyauta ne, ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin 'yan wasa ke kula da su.

Usman: Meilahti ɗin kuka fara kai ni ai.

Bashir: Da gangan na yi. Tazarar kwandunan ba ta da yawa, ga duwatsu, ga bishiyoyi, ga teku kusa. Mai koyo yana ganin kwandonsa tun daga inda yake tsaye, ba ya karaya. Abin da ke ba ni takaici shi ne in ga an ɗauki sabon shiga an kai shi doguwar hanya ranar farko, an damƙa masa faifan nisa. Kafin kwando na biyar ya gaji, ya ce wasan ba nasa ba ne.

Hadiza: Tsaya nan, Yaya, don wannan maganar ita ce ta fi ci mini rai. Faya-fayan iri uku ne. Akwai na nisa mai siririn baki, akwai na tsaka-tsaki, akwai na kusa mai kaurin baki wanda ake jefawa kwando da shi. Kowane sabo na nisa yake so, don ya ga an rubuta babbar lamba a kai. Lambobi huɗu ne a jikin yawancinsu: ta farko gudu, ta biyu yadda yake shawagi a iska, ta uku karkatarsa dama a farkon tafiya, ta huɗu yadda yake komawa hagu in ƙarfinsa ya ƙare, ga mai jifa da bayan hannun dama ke nan. Lambar gudun nan ba alkawari ba ce, sharaɗi ce. In hannunka bai kai wannan saurin ba, faifan zai yanke hagu ya dunguri ƙasa. Ni na yi wata biyu cur da na kusa guda ɗaya tak, shi ya koya mini sakin faifai a miƙe.

Usman: Ni dai, Anti Hadiza, ban yarda da ke duka ba. Na tsaka-tsaki ya fi mini daɗi a hannu, na kusan yana cika mini tafi.

Hadiza: Ban ƙi ba, wannan ma ya yi. Na nisan ne nake cewa a dakata da shi. Kuma ba ƙarfin damtse ba ne. Ƙafa ke farawa, ƙugu ya juya, hannu ya biyo baya kamar mai fizgar igiyar janareto. Shi ya sa za ka ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta fi ƙato nisa.

Bashir: Daga nan muka je filin Tali, wanda ya fi buɗewa, ciyawa shimfiɗe, iska kuma na wasa da faifai yadda ta ga dama. Amma ni Kivikko ne nawa. Daji ne sosai, hawa da gangara, duwatsu, hanyar jifa wani lokaci ba ta fi faɗin ƙofar zaure ba. A can ba nisa ake nema ba, layi ake nema. Ka tsaya ka dubi tsakanin bishiyoyi biyu, ka zana hanyar a zuciyarka, sannan ka saki. In ya daki itace kuma, sai ka shiga cikin ƙaya ka nemo shi, ka yi dabarar fita. Na shekara uku a garin nan daga gida sai aiki sai masallaci, ban san akwai daji irin wannan a cikin birni ba, alhali ina wucewa ta gefensa a mota. Neman sabbin filaye ne ya sa na san unguwannin da ko sunansu ban iya faɗa ba. Yanzu duk garin da aiki ya kai ni, sai na buɗe manhajar UDisc na duba wane fili ne kusa.

Usman: A Kivikko ɗin ne faifaina ya ɓata. Mun yi ta nema har muka haƙura. Kwana huɗu sai ga saƙo a wayata, wani bawan Allah ya tsince shi, ya gaya mini inda ya ajiye.

Hadiza: Saboda ka rubuta suna da lamba a bayansa. Al'adar wasan ce, kowa ya rubuta. Sai kuma ladubba. Wanda ya fi nisa da kwando shi ke fara jifa, saura su tsaya bayansa. Ba a jifa in akwai mutum a gaba, ko ɗan wasa ko tsohuwa mai yawo da karenta, domin bakin faifan nisa yana fasa goshi. In kuna da yawa kuma ga mutum ɗaya a bayanku, ku ba shi hanya. Sannan in ka shigo cikin mita 10 daga kwando, ba ka tsallake inda faifanka ya faɗi sai ka nuna ka tsaya daram bayan jifa.

Usman: To lokacin sanyi fa? Ni shi nake tsoro.

Bashir: Ana yi. Ana manna ɗan dogon ƙyalle a jikin faifan, in ya nutse cikin dusar ƙanƙara sai ka hango jelar. Robar takan ƙara tauri, yatsu su daskare, don haka kwando 9 ya isa. Amma wallahi fitar nan ta awa ɗaya a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa da ƙarfe uku da 'yan mintuna, tana sauke wa mutum nauyin zuciya. Da bazara kuwa, a watan Yuni, har kusan ƙarfe sha ɗaya na dare da haske. Mukan yi la'asar, mu zagaya kwando 18, mu dawo magariba ba ta yi ba. A dai sa dogon wando, a duba jiki bayan an dawo, saboda kaska.

Hadiza: Ni abin da ya ƙara mini ƙwarin gwiwa, Kristin Tattar, 'yar Estoniya, nan tsallaken ruwa, ta ci gasar duniya ta mata a 2022, ta sake ci a 2023. Wasan kuma bai hana ni sa hijabi da doguwar riga ba. Na kai ƙawayena biyu, ɗaya har ta sayi nata faifan.

Usman: Asabar ɗin nan ina za mu?

Bashir: Filin Siltamäki, in Allah ya yarda, ƙarfe goma na safe. Ina da na kusa guda uku na aro ga duk wanda ke Helsinki yake son gwadawa. Hadiza, ki taho da shayin nan mai citta. Sai mun sake haɗuwa, assalamu alaikum.