Daga fiyanon Mabera zuwa ɗakin gwaji a Mancesta

Assalamu alaikum jama'a, mutanen Sakkwato birnin Shehu, ina gaisuwa. Yanzu ƙarfe huɗu da rabi na yamma a nan Mancesta, ku can biyar da rabi ke nan, rana ba ta faɗi ba. Mu kuwa ku dubi taga, duhu ya riga ya rufe, haka Disamba take a Ingila. Na kama ɗakin gwaji na jami'a na awa biyu, na ce bari in shigo da ku, tunda kullum tambayar da ake yi mini ita ce wadda Baba ya yi ranar da takardata ta fito: "Mi za ka yi da karatun kiɗi?"

Bari in juya kyamara. Wanga fiyano maɓallansa 88 ne, farare 52, baƙaƙe 36. Wanda na koya da shi a wani situdiyo a Mabera, Yamaha PSR ne mai maɓalli 61. Can hannun dama ke bin waƙa, fiyano na buga ganguna da kansa, in muryar mawaƙi ta yi sama sai ka danna maɓallin sauya murya, ka ci gaba da wasa a inda ka saba. Da haka muka yi waƙoƙin biki masu yawa, kuma sun ba ni kunnen da nake cin gajiyarsa yau.

Makon farko a nan malamarmu ta hana ni taɓa wancan maɓalli, ta ce in hau in sauka da yatsuna. Ku duba hannuna: babban yatsa, manuni, na tsakiya, sai babban ya kurɗa ta ƙarƙashi ya kama na huɗu, a ci gaba har ƙaramin yatsa. Agogon bugu na gefe yana ƙwas-ƙwas, sau 60 a minti. Wata uku na yi kafin hagu ta daina bin dama kamar raƙumi da akala. Na sha wuya, amma yanzu duk inda mawaƙi ya ɗora muryarsa ina iya samunsa ba da dabara ba.

Sai ɓangaren fasaha. Wayar ga da ta tashi daga fiyano zuwa kwamfuta ba sauti take ɗauka ba, lambobi take kaiwa. Sunan tsarin MIDI, tun 1983 ake aiki da shi. In na danna maɓallin tsakiya, kwamfuta ta ji lamba 60, sannan fiyano ya aika mata ƙarfin dannawa tsakanin 0 da 127. Shi ya sa bayan ka gama bugawa kana iya mayar da kiɗin ya zama na sarewa ko molo a cikin manhajar FL Studio ko Logic Pro ba tare da ka sake bugu ba. Masu situdiyo na gida, ku riƙe maganar ƙarfin dannawar nan: in duka bugunka ya tsaya a lamba ɗaya, kiɗin zai fito a sandare, ba rai.

To ga inda abin ya kama zuciyata. An ba mu aikin ƙarshen zango, kowa ya kawo sauti daga inda ya fito. Na roƙi ƙanena ya je wajen wani dattijo mai kalangu da ke yi wa mahauta kiɗi, ya ɗauko mini. Da farko ya turo a saƙon murya na WhatsApp, sai na ji kaurin fatar ya tafi, don saƙon murya matse sauti yake yi. Na ce ya koma, ya saita waya ta ɗauka a WAV, tsarin da ba ya matse sauti, awo 48,000 a daƙiƙa, ya shiga ɗaki mai katifa da labule, ya kashe fanka, ya turo a matsayin fayil. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri, sau biyu ya zauna mana.

Da na ɗora sautin na nemi bin sa da fiyano, sai suka ƙi haɗuwa. Fiyano ya raba kowane hawa, wato daga do zuwa do na gaba, gida 12, tsakanin gida da gida awo 100 da ake kira sent, babu komai a tsakani. Kalangu kuwa in an matse shi a hammata murya ta hau, in an sassauta ta sauko, yana zamewa ta cikin wuraren da fiyano ba shi da maɓalli. Dole ya yi haka, don Hausa yake yi, kirari yake faɗa, kuma Hausa da hawa da saukar murya take rarrabe kalma. Na gwada abin da ke jera bugu a kan layi, nan take kiɗin ya zama na inji. Ɗan jinkirin nan da dattijo ke yi kafin ya sauke hannu, shi ne gishirin, sai na mayar da shi yadda yake.

Wani abokin karatuna ɗan Masar ya buɗe mini hanya. Su a fiyanonsu akwai maɓallan da ke rage murya da sent 50, don waƙarsu ma tana ratsa tsakanin gidaje. Ya nuna mini inda ake saita haka a kwamfuta. Na haɗa da 'yar tayar nan ta gefen hagu, wadda nake ganinta shekara da shekaru a Mabera ban san darajarta ba. Ku saurara, in na danna na murza ta a hankali, kun ji yadda muryar ke lanƙwasa? Yanzu fiyanon ne ke bin kalangu, kalangu na gaba.

Na tura wa Baba minti ɗaya daga ciki. Bai ce komai a kan karatun ba, amma Inna ta ce sau uku ya sa aka maimaita masa, har ya faɗi kirarin da kalangun ke yi tun ban gaya masa ba.

Saura minti goma a karɓi ɗakin, ga wata ɗaliba can tana leƙowa ta gilashi. Ƙanena, in kana kallo, ka koma wajen Baba mai kalangu ran Juma'a bayan an sauko masallaci, ka kai masa goro, ka ce ina gaishe shi, kuma ina son ya yi mini na 'yan dambe.